Turaku Hamsin da Bakwai

A shekarar da aka daina jirgin kwal aka kawo mai shan dizal, a shekarar ne Mai Tuta ya fara haɗuwa da mutumin da daga baya kowa ya sani da Hedimasta. Lokacin sabon malamin aji uku ne, siriri, da farar riga mai guga da keke mai ƙararrawa. Ranar Litinin ce, ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu na safe. Ya iso ƙofar jirgi, inda titi ya ratsa layin dogo, ya tarar an sauke sanda, ya dubi gabas ya dubi yamma bai ga komai ba, sai ya sunkuya zai tura kekensa ta ƙarƙashi.

"Malam, koma baya," in ji Mai Tuta, mai gadin ƙofar.

"Na makara, kuma ban ga jirgi ba."

"Ai ba a jira sai an gan shi. Ɗora tafin hannunka a kan dogon nan."

Malamin ya ɗora, ya ji ƙarfen yana rawa a hankali a ƙarƙashin hannunsa. Ya ja kekensa baya, kuma sai da aka yi minti huɗu cur kafin jirgin ya bayyana. Tun daga ranar, duk safiya sai sun gwada agogo, na hannun malami da na aljihun mai gadi. Sun shekara arba'in da biyu suna gardamar wanda nasa ya yi gaba da minti ɗaya.

Aji huɗu Mai Tuta ya yi a makarantar mishan, mahaifinsa ya rasu, ya shiga aikin jirgi yana ɗan shekara goma sha bakwai. Ba a ƙofa ya fara ba. Shekara shida ya yi yana bin layi da ƙafa, kilomita goma sha biyu a rana, da doguwar guduma a kafaɗa. Aikin shi ne ya bugi dogo ya saurara. Dogo mai lafiya yakan amsa da doguwar murya, ta tafi tana raguwa. Wanda ya tsage daga ciki, inda ido ba ya gani, amsarsa gajera ce kamar an bugi fasasshen kwano. Sau uku ya gano irin wannan tsagar, sau uku aka yanke ƙarfen aka ga gaskiyarsa. Da kunnensa yake alfahari, ba da komai ba.

Daga nan aka ba shi ƙofa. Ɗaki ne guda mai taga biyu, da benci, da tarho mai hannu da ake murzawa, da fitila mai gilashi ja da kore, da tutoci biyu a naɗe, da babban littafi inda yake rubuta lokacin wucewar kowane jirgi da rubutu mai tsabta irin na da. Shekara talatin da uku ya yi a wurin. Akuya biyu aka rasa a ƙofarsa, da wani kurman kare. Mutum ko ɗaya.

Shi dai matsoraci ne, bai kuma taɓa musu ba. Yakan sauke sanda tun saura minti biyar, masu mota su yi ta zaginsa. Marigayiya matarsa takan ce masa, "Kai ko ruwa ne zai tafasa sai ka sauke masa sanda." Sai ya yi dariya ya ce tsoron ne ake biyansa albashi a kai.

Tsohon jirgin nan kuwa kamar maƙwabci yake ga unguwar. Tafiya yake a hankali, direbobinsa sun san mutane da fuska. In saniya ta tsaya a layi, a tsaya a kore ta. Wata shekara da aka yanke wa unguwar ruwan famfo har wata biyu, mata suka ɗauki bokitai suka zauna a kan dogo. Jirgi ya zo ya tsaya, direba ya sauko ya gaishe su, kwana uku aka maido ruwa. Yaran da aka goya a wurin ranar su ne magidantan unguwar yanzu, kuma da labarin nan suka tashi: jirgi yana da ido, in ya ga mutane tsayawa yake.

Bayan ya yi ritaya da shekara biyu aka daina jirgin gaba ɗaya, ciyawa ta cinye layi. Shekara bakwai bayan haka wasu mutane suka zo da jan fenti. Gida ɗari da arba'in suka yi wa alama, da jerin shagunan bakin titi, da filin wasan makaranta. Sabon jirgi za a kawo mai tsananin gudu. Za a yi masa katanga hagu da dama, babu ƙofa, babu sanda. Mai son gaida 'yar'uwarsa a tsallake sai ya zagaya kilomita uku. Ko tasha ba za a yi musu ba.

Unguwa ta tashi. Aka kafa kwamiti, aka ba Hedimasta shugabanci, shi ma ya daɗe da ritaya. Wasiƙa goma sha huɗu ya rubuta, ba kuskure ko na waƙafi. Amsa biyu ya samu, kuma iri ɗaya ce, kwanan wata kawai aka sauya. Da aka yi tattaki zuwa ofishin kamfani, 'yan sanda suka tarbe su da barkonon tsohuwa, suka kwashe mutum goma sha ɗaya. Ɗaya ya dawo da karyayyen hannu.

Kafin nan kamfani ya riga ya gama shimfiɗa layin daga nesa har zuwa wani sansani a bayan gari, ana gwada jirgin duk ranar Alhamis. Mai Tuta bai iya zama ba. Alhamis uku a jere ya hau mota ya tafi can daji, ya hau wani tudu da aka yanka biyu layi ya ratsa ta tsakiya, ya zauna da agogonsa. Ranar farko bai ma gane abin da ya wuce ba: wayoyin lantarkin da ke saman layi suka yi wani irin kuka, wani farin abu ya gifta, iska ta ɗauke masa hula. Rana ta uku ya yi sa'a ana gwajin birki. Ya ji lokacin da aka taka, sai ya shiga ƙirga turakun wutar da ke jere a gefen layi. Tsakanin turke da turke taku saba'in da biyar ne, ya auna ta bayan shinge. Sai a turke na hamsin da bakwai jirgin ya tsaya. Tsohon nasu a turke biyar yake tsayawa.

Ya dawo gida bai iya cin abinci ba.

Ranar Litinin da la'asar aka kira taro a ajin makaranta, manya suka matsu a kan kujerun yara. Wanda ya tashi magana shi ne Caja, mai gyaran waya, ɗan shekara talatin mai babbar murya, gidan ubansa na cikin masu jan fenti. Yana da ɗan'uwa mai dafa abinci a sansanin kamfani, shi ya ba shi labari. Alhamis mai zuwa manyan gwamnati da 'yan jarida za su hau jirgin. Ƙarfe bakwai wata ƙaramar motar layi za ta bi ta duba hanya, ta ba da izini. Wajen ƙarfe goma babban jirgin ya biyo baya. Akwai wata gada a kan rafi, gaba kaɗan da yankakken tudu, inda shinge bai rufe ba kuma ba mai gadi. Za su laɓe a ƙarƙashinta, su bari ƙaramar motar ta wuce, sannan su hau su zauna.

"Kamar yadda iyayenmu mata suka yi," in ji Caja. "Su tsaya su gan mu da idonsu."

Aka yi tafi. Mai Tuta bai yi tafi ba. Bai saba magana a taro ba, amma ya dafa tebur ya miƙe. Ya gaya musu turaku hamsin da bakwai. Ya ce daga bakin yankakken tudu, inda direba zai fara hango su, zuwa gadar, turaku goma sha ɗaya ne kacal.

"Baba Mai Tuta," in ji Caja, "shekara nawa ka yi a ƙofa?"

"Talatin da uku."

"Sau nawa jirgi ya taka mutum?"

"Ko sau ɗaya."

"To kun ji da bakinsa!"

Aji ya kwashe da dariya.

"Don ina sauke sanda tun bai iso ba ne, ɗan nan."

"Direban ba mutum ba ne? Ba uwa ce ta haife shi ba?"

"Mutum ne. Zai gan ku, zai taka birki, zai kira sunan Allah, kuma zai bi ta kanku yana kuka."

Sai wani daga baya ya ce, "Ku tambaye shi wa ke biyansa fansho." Wani ya ce an gan shi Alhamis uku yana hawa motar da ke bi ta sansani. Kafin Hedimasta ya gama buga tebur, an fara "Munafuki! Ɗan leƙen asiri!" Mai Tuta ya ga hannaye suna tahowa, wani ya cafki wuyan rigarsa, ya hangi wata ƙaramar kujera ta tashi sama. Ya rufe ido.

Ba shi ta samu ba. Wata mata ce ta shiga tsakani, kujerar ta sauka a goshinta. Tela ce mai shago a tsallaken makaranta, ana ce mata Almakashi, kuma duk wanda ya taɓa jinkirta karɓar ɗinkinsa ya san dalili. Babu wanda ya fi ta zafi a kan maganar jirgin nan, don shagonta da ɗakinta duk suna da jan fenti.

"Marasa kunya!" ta daka musu tsawa, jini yana bin girarta. "Tsohon da ya tsallakar da ku titi kuna majina? Wanda ya ƙara taɓa shi sai na yi masa ɗinki ba zare!"

Ta ja shi da hannu har shagonta, ta sauke ƙofar ƙarfe. Ciki akwai keken ɗinki biyu, da madubi mai tsatsa a gefe, da tarin yadi, da wani dogon farin ƙyalle a shimfiɗe ana ɗinka masa jajayen haruffa. Ta danna tsumma a goshi ta zauna.

"Kada ka ɗauka na yarda da kai ne, Baba. Tsufa ne ke damunka."

"'Yata, bari a kai ki a duba ciwon nan."

"Ni da allura a hannu? Ungo, sha ruwa."

Ya karɓi kofin ya sha. Ya tambaye ta ko za ta je. Ta ce ita ce ma a gaba, da mahaifiyarta, da 'yarta mai jego da jaririyar. "Su ga har da jarirai, ko kunya za ta kama su." Da zai fita ya nuna wani guntun jan yadi a ƙasa ya ce ko za ta ba shi. Ta ce ya ɗauka, shara ce.

Washegari Hedimasta ya zo ɗakin Mai Tuta da fensir da takarda. Suka zauna a bakin gado. Hedimasta ya sa ya maimaita masa lambobin, ya yi lissafin sau biyu, sannan ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Sakan takwas," in ji shi. "Daga hango mu zuwa isowa."

"To ka gaya musu, Malam. Kai suna jin maganarka."

"Daga wurinsu nake. Sun ce tunda manya na ciki a hankali za a tafi, don a ɗauki hoto."

"Manya gudu aka kawo su gani."

"Na sani."

Maganar 'yan sanda ta taso, suka dube ta suka ajiye. In an kai rahoto za a far wa mutane a daji inda ba mai gani, a kwashe wasu, sauran kuma su koma wata Alhamis ba tare da sun gaya wa kowa ba.

"Kai dai ba za ka je ba," in ji Mai Tuta.

"Rabinsu ni na koya musu riƙe fensir. In zauna a gida in ce me?" Ya miƙe, ya dubi agogonsa don sabo. "Naka ƙarfe nawa?"

Mai Tuta bai iya ciro nasa ba.

Ranar Alhamis ya hau motar farko tare da 'yan kasuwa, sanye da tsohuwar rigarsa ta kaki, da guduma a cikin buhu. Tsohuwar tutarsa ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, don haka jan yadin tela ya ɗaure a sandarta. Ya sauka a mararraba, ya ratsa gonaki, ya bi ta cikin kwalbati da rarrafe, ya ɓullo a cikin shinge da taɓo har gwiwa. Can bayan tudu ne, nesa da gada. Tsakuwa fara tas, dogo yana ƙyalli, wayoyi a saman kansa. Ya tsaya a tsakiyar layi ya buɗe tuta, ya miƙa ta gefe da hannu a tsaye kamar yadda aka koya masa.

Ko ƙaramar motar ma gudu take fiye da yadda ya zata. Duk jikinsa cewa yake ya yi tsalle gefe. Ya kafa ƙafa, ya ji fitsari na neman kuɓuce masa. Ta yi ƙara, ta yi ƙara, ta tsaya taku ashirin a gabansa.

Wani matashin injiniya mai farar hular kwano ya diro a fusace. "Tsoho, ka haukace ne? Ka san inda kake?"

"Na sani, yallaɓai." Ya faɗi tsohuwar lambarsa ta aiki da shekarun da ya yi. "Rahoto na kawo. Akwai tsaga a cikin dogon hagu, a bakin yankakken tudu ta wajen gada, gindin turke mai lamba ɗari biyu da shida."

Bai taɓa yin ƙarya a kan layi ba sai ranar. Wurin ma zaɓarsa ya yi da lissafi: in an tilasta wa jirgi rarrafe a nan, ba zai iya ɗaukar gudu ba kafin direba ya hangi gada.

Suka ɗauke shi a motar har gindin turken. Bai yarda ya kalli wajen gadar ba. Injiniya ya durƙusa ya duba, ya shafa, ya karɓi gudumar ya buga. Dogo ya amsa da murya doguwa, tsaf, mai daɗi. Mai Tuta ya ji kamar ƙarfen ne ke ƙaryata shi a gaban mutane.

"Ni ban ji komai ba," in ji injiniya.

"Shekara nawa ka yi kana saurare, yallaɓai?"

"An bi layin nan da na'ura wata biyu da suka wuce."

"Wata biyu. Sau nawa aka yi ruwa tun lokacin, sau nawa rana ta gasa shi?" Ya ciro agogo. "Ba sai ka yarda da ni ba. Ka dai rubuta cewa na faɗa, bakwai da minti ashirin da shida. Sannan ka sa hannu a ƙasa cewa layi lafiya lau."

Injiniyan ya miƙa masa gudumarsa. Ya ciro waya ya yi nisa da su. Iska tana kawo guntayen maganarsa: "Eh, yallaɓai... a'a, ban ga komai ba... na'urar sai jibi... to wa zai sa hannu, yallaɓai?" Ya dawo fuska a murtuke, bai ce an yarda ba, bai ce an ƙi ba. Ya kira masu gadi biyu ya ce su tsare tsohon nan, ya shigo hurumin kamfani ba izini. Motar ta wuce, ta haye gada, ta ɓace.

Ɗakin gadin a kan tudu yake, na kwano, mai ƙaramar taga a kowane gefe. Suka zaunar da shi a kan jarka, suka koma ƙofa suna kallon wasa a waya. Ƙarfe tara da kwata, ta tagar yamma, ya ga ɗigo-ɗigo masu launi suna hawowa daga ƙarƙashin gada. Ya ga dogon farin ƙyalle ya buɗe. Ya ga wani baƙin ɗigo a tsaye a gefe, ya san kwat ɗin Hedimasta ce. Suka zazzauna.

Tara da rabi. Goma saura kwata. Shin an rage gudun, ko wani babba ya ce kada a ba shi kunya a gaban 'yan jarida saboda surutun tsoho? Ba yadda zai sani. Goma saura minti bakwai haƙurinsa ya ƙare, ya ce a kama wanda za a kama, a karya wanda za a karya.

"'Ya'yana, ku kira sansani! Akwai mutane a kan gada!"

Ko ɗago kai ba su yi ba. "Ɗazu tsaga, yanzu mutane," in ji ɗaya. "An jima sai giwa."

"Don Allah ku leƙa! Mata ne da jarirai!"

"Baba, zauna kada ka faɗi mana a nan."

Ya kama hannun ƙaramin ya ja shi da ƙarfin da bai san yana da shi ba. Mai gadin ya leƙa, ya ƙanƙance ido, sai ya zabura ya rarumi rediyonsa. Yana ta dannawa yana kira, ba amsa sai shuuu. A daidai nan wayoyin sama suka fara kukan nan.

Mai Tuta ya koma tagar gabas. Can ƙarshen gani wani farin ɗigo ya bayyana. Abin da ke tahowa gaba da gaba ba a gane gudunsa. Akwai wani tankin ruwa da ya yi wa alama tun zuwansa na uku, daga nan ne turke na hamsin da bakwai in an ƙirgo daga gada. Jirgin ya iso tankin, ya wuce. Babu ƙarar birki.

Ya ji duniya ta yi shiru. Bakinsa yana motsi, bai san ko addu'a yake ko ƙirga ba. Idonsa dai yana kan turaku don sabo. A cikakken gudu, kafin mutum ya ce ɗaya an wuce turke. Ya ce ɗaya, biyu, sannan hancin jirgin ya kai na gaba. Ya sake: ɗaya, biyu, uku. Ya sake: har biyar. Ashe tun daga nesa ake rage shi a hankali, don kada shayin manya ya zube.

Jirgin ya shiga yankakken tudu yana tafiyar mai keke, ya fito yana tafiyar mai ƙafa. Ya lallaɓa ta gaban turke na ɗari biyu da shida kamar mai taka ƙwai. Sai wani dogon ƙaho ya tsaga dajin, ya daɗe bai yanke ba. Jirgin ya tsaya, saura turaku huɗu.

Ihun murna ya taso daga gada. Mai Tuta ya zame daga jikin taga ya zauna a ƙasa. Sai a lokacin ya lura wandonsa a jiƙe yake. Masu gadin suka kau da kai.

Da yake 'yan jarida na wurin, ba a daki kowa ba. Wani babba ya sauko ya karɓi wasiƙa ta goma sha biyar daga hannun Hedimasta, aka ɗauki hoto, aka ce za a dakatar da rusau a sake duba taswira. Direban jirgin kuma ya sauko ta ɗaya gefen ya zauna a kan tsakuwa. Hedimasta ya je gaishe shi. Mutumin ya kalle shi da jajayen idanu ya ce, "Baba, da ba don wani tsoho ya kawo rahoton tsaga da safe ba, da yanzu da shebur ake kwashe ku."

Bayan kwana biyu aka zo da na'ura, ba a sami tsaga ba. A rana ta uku Hedimasta ya je caji ofis inda aka tsare Mai Tuta ya tsaya masa. Kafin a sake shi sai da aka ba shi takarda ya sa hannu: cewa shekaru sun kama shi, kunnensa ya daina bambance sauti, ba zai ƙara kusantar layi ba. Ya karanta ta sau biyu, ya gyara wani harafi da aka tsallake, ya sa hannu.

A mota suna dawowa Hedimasta ya ce zai tara unguwa ya faɗi wanda ya yi wannan aiki.

"A'a, Malam. Ka faɗa musu maganar direba da lissafinka, shi ke nan. In aka ji da gangan na yi, ba takarda za su ba ni ba, kurkuku ne. Kuma gobe wani mai guduma zai kawo rahoton gaskiya a ƙi ji."

Hedimasta ya faɗi maganar direba a ajin nan, ya rubuta sakan takwas a allo, ya ce muddin yana shugaba ba mai ƙara zama a kan dogo. Caja ya yi gunaguni, amma bai ɗaga murya ba. Game da Mai Tuta kuwa, unguwa ta yanke hukuncinta: tsoro ne ya kore shi gidan babbar 'yarsa, ya ɓuya kwana uku. Bai gyara wa kowa ba.

Bayan mako guda ya bi ta gaban shagon tela. Jan fentin yana nan a bango. Tana kan keke, da filasta a goshi, jaririyar tana kwance a kan tarin yadi tana wasa da ƙafarta.

"Baba Mai Tuta! Sai yau? Ina turakunka hamsin da bakwai? Ya tsaya ko bai tsaya ba?"

"Ya tsaya, 'yata."

"Allah ne ya tsaga musu dogo, ka ji ikon Allah."

"Na ji. Ya goshin?"

"Ɗinki huɗu, kuma da ni na yi da ya fi kyau."

Ya ɗan tsaya yana murza hula. "Ba za ki koma ba dai?"

Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ta dubi jaririyar. "Na ga fuskar direban nan," ta ce a hankali. "Ko an biya ni." Sai ta sake taka keken da ƙarfi. "Kai dai matsoraci ne, Baba, amma na gaya musu kai ba munafuki ba ne."

"Matsoraci ne," in ji shi.

"To shigo ka riƙe min yarinyar nan in gama wuyan rigar mutane, tunda ba ka da aikin yi."

Ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shiga, ya zauna a kan benci, ta ɗora masa ita a cinya.